Amsa ga dangi na Kano kan rasuwar baffanku a Agege

Ɗana, bayan gaisuwa da ƙara yi maka ta'aziyyar baffanka, Allah ya jiƙansa ya kyauta namu zuwan, saƙonka ya iso, kuma na gane cewa tambayoyin da ke ciki na dangi ne gaba ɗaya, kai dai aka ɗora wa rubutawa. Ranku bai so ba da aka binne shi a nan Agege, labarin zaman addu'ar kwana takwas ya ba ku mamaki, sannan kuna son jin abin da ya hana iyalinsa tattara kaya su koma gida. Tun da rumfata na jikin tasa tun muna samari, ya zama dole in ba ku amsa.

Maganar jana'iza ba ta da tsawo. Addini ya yi umarni da a gaggauta kai mamaci makwancinsa, tsakanin Legas da Kano kuwa tafiya ce ta kilomita kusan 1,000, wadda mota kan kwana a hanya kafin ta ƙare ta. Ya cika da asuba, kafin la'asar an yi masa sutura, limamin unguwa ya sallace shi, aka kai shi maƙabartar da aka kai abokansa da ɗansa na fari. Haka muke yi wa kowa, mai kuɗi da talaka, kuma shi kansa haka ya yi wa wasu da hannunsa.

Abin da nake ganin ba a cika fahimta ba a gida shi ne bambancin ɗan cirani da ɗan kaka-gida. Ɗan cirani yana zuwa bayan girbi ya koma da faɗuwar damina, jikinsa a Kurmi, lissafinsa a Arewa. Mu kuwa zamanmu a Ikko, wato Legas, ya daɗe. Tun a 1863 Turawa suka kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover a garin nan, daga baya sojoji 'yan Arewa suka zauna a Obalende. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, Agege ta zama matattarar fataken goro, domin ga tasha, ga gonakin goro kewaye da ita, har zango ya kafu da Sarkin Hausawa da limamai da makarantun allo. Lokacin da baffanka ya sauka daga jirgin ƙasa bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970, ya tarar da dattawan da a Agege aka yanke musu cibi, waɗanda wasunsu ba su taɓa ganin Dala ba, amma Hausarsu ba ta da gyara.

A hannun ɗaya daga cikin dattawan nan ya koyi goro. Ya fara da tsintar wanda sankara ta taɓa, ya koyi jera shi a cikin ganyen fita da ɗaurin huhu, ya iya bambanta sabo da daushe da ido kawai, har ya kai matsayin fatoma. Ban sani ba ko matasan yanzu sun san nauyin wannan aiki. Fatoma shi ne mai saukar da falke a gidansa, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da manoma da matan Yarabawa masu kawo goro daga ƙauyuka, sannan ya tsaya masa lamuni idan za a ba shi kaya bashi. Ladarsa la'ada ce, amma idan falke ya tafi bai dawo da kuɗin mutane ba, fatoma ne zai biya daga aljihunsa. Ba takarda, ba lauya, sai baki da shaidar jama'a. Na ga ya biya irin wannan bashi ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa jin ya faɗi sunan wanda ya gudu a bainar jama'a ba.

Da kasuwar goro ta ja baya a Agege, gonakin suka koma gidaje, sai ya karkata zuwa kayan gwari a Mile 12, yana karɓar motocin tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, amma tsarin bai sake ba. Lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 jama'a suka riƙa cika motoci suna barin Legas, ya tura mata da ƙananan yara Kano, wataƙila ma ka tuna zuwansu, shi kuwa ya zauna saboda ajiyar mutane tana hannunsa. Haka ya sake yi a rikicin ƙabilanci na unguwar Ketu a 1999, kuma maƙwabcinsa Bayarabe ne ya ɓoye masa yaran rumfa a cikin gidansa har ƙura ta lafa.

Wannan ya kawo mu ga addu'ar kwana takwas. A gida kun saba da sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu ma sun bar su gaba ɗaya bisa fatawar malamansu. Musulmin Yarabawa kuwa ranar takwas suke taruwa su yi abin da suke kira fidau, a kafa rumfuna, a jera kujeru, malamai su yi wa'azi da addu'a, a raba abinci. Mun yi zaman makokinmu na kwana uku a ƙofar gida bisa tabarmi kamar yadda aka sani. Amma amaryarsa Bayarabiya ce, ta haifa masa 'ya'ya, kuma iyayenta da abokan cinikinsa na shekaru da yawa suna da haƙƙin su yi masa addu'a ta hanyar da suka gada. Ni dai ban ji daɗin ankon da wasu suka ɗinka da hotonsa da aka buga a jikin kalanda ba, na kuma faɗa wa babban ɗansa haka, domin marigayin mutum ne da ko a ɗaurin auren 'ya'yansa ba ya son bidiri. Sai dai hana surukai zaman nan gaba ɗaya zai zama yanke zumuncin da shi ya ƙulla ya kuma raya.

Game da iyali, ka sani cewa bai taɓa sakin hannun gida ba. Kowace Sallah kayansa suna isa gare ku, kuma shi ya riƙe karatun marayun ƙanwarsa. Amma 'ya'yansa a nan suka tashi. Da safe boko, da yamma allo, wasu ya sa su a Markaz ta Shehu Adamu na Ilori da ke nan Agege don su ƙoshi da Larabci. Suna jin Yarabanci kamar 'yan ƙasa, shi kuwa ya kafa doka cewa da an tsallako zaure sai Hausa, kuma ko yana tsakiyar ciniki yakan rufe littafin bashi ya dawo gida cin tuwon dare tare da su. Matansa suna takaba ta wata huɗu da kwana goma a ɗakunansu, ba mai tayar da su. Bayan haka, wadda ta so komawa ga danginta ba za a hana ta ba, uwargida ma ta nuna tana son ta leƙa gida.

Rabon gado kuwa ba za a taɓa shi ba sai an gama da basussuka, nasa da waɗanda yake bi, da kuma ajiyar fatake da har yanzu wasu ke zuwa karɓa daga Sakkwato da Gashuwa. Malamai za su yi rabon bisa shari'a a gaban wakilin Sarkin Hausawa, kuma gonar da ya saya a gida tana cikin lissafi, don haka muna buƙatar mahaifinka ko wakilinsa ya zo da takardunta. Idan zai yiwu ku iso kafin arba'in, ɗakin baƙi na gidansa yana nan a buɗe. Ka gaishe da mahaifinka da sauran dangi.