Tambaya da Amsa: Wane Ƙudan Fatsa Zan Saya Don Kifin Bas na Rafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Fensilbaniya ta Amurka, kuma tun ina yaro nake fatsa a kogin Hadeja da tana da ƙugiya. A nan wani abokin karatuna ya ara mini sandar da ake jefa ƙudan ƙarya da ita, wato ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu, kuma ya yi alkawarin kai ni wani rafi da ke malala cikin kogin Susquehanna don mu kama kifin da suke kira bas mai ƙaramin baki. Da na shiga kantin kayan su sai na tarar da ɗaruruwan ƙudaje iri-iri, kowanne da sunansa da launinsa, ga shi kuwa aljihun ɗalibi ba ya ɗaukar gwaji. Wanne ya kamata in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi dace, domin yankin da kake zaune yana cikin wuraren da wannan sana'a ta fi bunƙasa, kuma biyu daga cikin ƙudajen da zan ambata a can aka ƙirƙiro su saboda wannan kifin. Amma kafin a zo batun sayayya, ya kamata ka daina ɗaukar sunan "ƙuda" a zahirinsa. Sunan ya samo asali ne daga masu kamun kifin tarawut, wanda yakan tsinci ƙananan ƙwari a saman ruwa, shi kuwa bas mafarauci ne kamar giwan ruwa, sai dai bai kai ta girma ba ko kusa. Mafi girma da aka tabbatar an kama shi ne a tafkin Dale Hollow, a kan iyakar Tennessee da Kentucky, a 1955, nauyinsa kimanin kilo 5.4, alhali na rafi galibi bai wuce tsawon santimita 25 zuwa 35 ba. Abincinsa ƙananan kifaye ne, da manyan tsutsotsin ruwa, da kwaɗi, da fara idan ta faɗo, sannan sama da kome akwai jatan landen rafi mai hannuwa irin na kunama, wanda ke ɓuya a ƙarƙashin duwatsu. Saboda haka yawancin abin da za ka jefa masa kwaikwayon waɗannan ne, kuma ƙugiyarsa babba ce, daga lamba 8 zuwa lamba 2. Ka tuna cewa a lissafin ƙugiya, idan lamba ta yi ƙasa girma yake ƙaruwa.

Tambayar da masani ke yi wa kansa a bakin rafi ita ce, a wane zurfi kifin yake cin abinci yau? Idan ka amsa wannan daidai, ƙuda mai launin da bai dace ba ma yakan kama kifi, idan kuwa ka kuskure, ƙuda mafi tsada zai yini yana wucewa ta saman kansa bai ko ɗaga ido ba. Abin da ke tsayar da zurfin shi ne ɗumin ruwa. Idan ruwa bai kai digiri 10 a ma'aunin Salsiyus ba, kamar yadda yake a farkon Afrilu ko ƙarshen Oktoba, bas yakan lafe a ƙasan gurbi mai zurfi, ba ya son bin abu da gudu. Idan ya haura digiri 20, daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba, sai ya bazu cikin rafi, ya tsaya a bayan duwatsu da gindin inda ruwa ke gangarowa da ƙarfi, kuma a lokacin ne yake yarda ya taso sama.

Da za a ce ka ɗauki ƙuda ɗaya tak, da na ce ka ɗauki Woolly Bugger. Wani mutumin Fensilbaniya mai suna Russell Blessing ne ya ɗaura shi a 1967, yana neman ya kwaikwayi wata baƙar tsutsar ruwa mai cizo da ke shafe shekaru a ƙarƙashin duwatsun rafi kafin ta yi fiffike, wadda bas ke matuƙar so. Siffarsa ba ta da wani ado: jiki mai kauri da aka naɗe da gashin wuyan zakara, da wutsiya ta lallausan gashi wadda ke buɗewa tana rufewa a cikin ruwa ko da ba ka motsa ta ba. Wannan rashin takamaimiyar kama shi ne ƙarfinsa. Baƙi yakan wuce a matsayin waccan tsutsa ko matsattsaku, mai ruwan ƙasa ko koren zaitun kuma a matsayin jatan lande, fari kuwa ƙaramin kifi, kuma yadda ka ja shi ne ke gaya wa bas ko wanne ne. Idan kana son ya zama jatan lande, ka zaɓi mai ƙwallon ƙarfe a ka, ka jefa shi sama da inda kake zaton kifin, ka bar shi ya nutse har ka ji yana taɓa duwatsu, sannan ka riƙa fizgar igiya gajere-gajere kana dakatawa, domin haka wannan halitta take gudu, da baya, tana zabura tana tsayawa. Galibi a lokacin dakatawar ne kifin ke ɗauka, kuma abin da za ka ji wani nauyi ne kawai kamar ƙugiya ta maƙale a ciyawa. Ka sayi baƙi biyu da koren zaitun biyu a lamba 6, domin wanda ke kamun ƙasa ba ya rasa barin ƙuda a tsakanin duwatsu.

Na biyu shi ne Clouser Minnow, wanda Bob Clouser na garin Middletown, a bakin Susquehanna ɗin da kake magana, ya fito da shi a 1987. An yi shi da gashin wutsiyar barewa siriri, da idanu biyu na dalma da aka ɗaure a bayan ƙugiya. Nauyin idanun yana juya ƙudan a cikin ruwa har tsinin ƙugiya ya kalli sama, don haka yana iya bin ƙasa mai duwatsu ba tare da yawan maƙalewa ba, kuma duk lokacin da ka daina ja sai ya sunkuyar da kai ya nufi ƙasa kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni. Launin da ya fi shahara shi ne fari a ciki da kore mai haske irin na ɗanyen lemon tsami a baya, ko da yake a rafi mai garau na fi yarda da fari da toka-toka ko fari da ruwan ƙasa. Wurin saye ka duba yawan gashin, ka guji wanda aka cika masa gashi kamar tsintsiya, domin sirantarsa ce ke ba shi kamar kifi. Ka kuma sa tabarau da hula in za ka jefa shi, saboda dalmar nan idan ta sami ƙeya ba ta da daɗi.

Sai na saman ruwa, wanda saboda shi ne mutane da yawa ke son wannan kifi. Ana yin sa da toton kwalaba ko soso mai tauri, fuskarsa a ƙwarɓe, ta yadda idan ka fizge shi zai yi "ɓul", ga kuma ƙafafun roba a gefe. Kuskuren sabon shiga shi ne yawan fizga. A rafi mai tsabta a watan Yuli, abin da ya fi shi ne ka jefa shi kusa da inuwar bishiya ko gefen dutse, ka bari da'irorin da faɗuwarsa ta haifar su baje su ɓace, ka bar ruwa ya tafi da shi. Sau da yawa za ka hango wata inuwa mai launin tagulla ta taso daga ƙasa ta tsaya a ƙarƙashinsa, jajayen idanunta a kansa, tana ja da baya tare da shi tsawon taku biyu ko uku. A nan ne motsi kaɗan, wanda bai wuce ya girgiza ƙafafun robar ba, yake sa ta buɗe baki. Manyan kifaye sukan tsotse shi ne shiru, ƙanana ne ke yin tsalle da fantsama. Ka sayi ɗaya mai ruwan ɗorawa da ɗaya shuɗi, shi shuɗin saboda siririn mazarin ruwa da ke yawo a kan ciyayin rafi a tsakiyar zafi, wanda bas ke tsalle ya cafke.

Akwai lokaci ɗaya a shekara da kifin nan ke komawa cin ƙwari zalla. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, da faɗuwar rana, wasu fararen ƙwari masu fiffike suna fitowa daga Susquehanna da yawan gaske, kamar yadda shinge ke fitowa a gida bayan ruwan farko, har su rufe fitilun gadoji. Idan ka riski wannan, farin ƙuda mai yawo a sama a lamba 12 ya isa.

Game da launi, dokar da na ga ta fi tsayawa ita ce, ruwa mai garau yana son launin abin da ke cikinsa, ruwan da ya gurɓace bayan an yi ruwan sama kuma yana son baƙi, domin duhunsa ne ke fitowa fili a cikin laka. Mafi sauƙin hanyar sanin launin ita ce ka ɗaga dutse ɗaya ko biyu a gefen rafi ka ga abin da ya zabura, ka duba girmansa da kalarsa, sannan ka mayar da dutsen yadda ka same shi. Zaren da za ka ƙulla ƙudan da shi kuma kada ya yi siriri irin na masu tarawut. Mai ɗaukar kilo 4 ya dace, domin da shi ne ƙuda mai nauyi zai miƙe sosai idan ka jefa.

Kada ka manta da lasisi, wanda dokar jihar ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 16. Daga tsakiyar Afrilu zuwa wajen tsakiyar Yuni lokacin ƙwai ne, inda namijin ke share wuri a kan tsakuwa ya tsaya gadin sheƙarsa, kuma a lokacin duk wanda aka kama sai an sake shi nan take, an kuma hana a yi ta jefa ƙugiya cikin sheƙar da ake gani. Ka matse 'yar ƙayar da ke kusa da tsinin ƙugiyarka da filaya tun daga gida don sakin kifin ya zo da sauƙi.

TAMBAYA: Malam, ina Yola. Shin irin wannan fatsa tana yiwuwa a kogunanmu?

AMSA: Tana yiwuwa, ɗan'uwa, kuma ba da nisa da kai ake yin ta ba. A kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, masu jefa ƙuda suna kama giwan ruwa a lokacin rani, galibi bayan duhu ya shiga, da manyan ƙudaje masu duhun launi da tsawonsu ya kai tafin hannu, da sanduna masu ƙarfi nesa ba kusa ba da na bas. Da rana kuma sukan nemi tsage, wanda ƙuda irin Clouser Minnow yake ja, sai dai dole a sa guntuwar waya a gaban ƙugiya, domin haƙoransa suna yanke zare a cizo ɗaya.