Ki tambayi Malama: darasin ƙashin ƙugu ya gagare ni

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin ungozoma, daga unguwar Birni a nan Damagaram. Darasin ƙashin ƙugu ya tsaya mini a wuya. Sunayen Faransanci sun yi mini yawa, ga kunya idan malami namiji ya kafa hoto a allo. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗiyata, ni ma da mayafi na rufe fuska ranar farko. Ɗakin haihuwa ne ya cire mini wannan kunya.

Ajiye haddar tukuna. Ki zauna kan tafin hannuwanki bisa benci. Ƙasusuwa biyun da za su danne miki yatsu, su ne iyakar dama da hagu na wurin da littafinku ke kira perine. Ƙashin mara ne iyakar gaba, ɗan ƙashin ƙarshen gadon baya kuma iyakar baya. Ki ja layi tsakanin na dama da na hagu, wurin ya rabu biyu: gaba mafitar fitsari da ta haihuwa, baya dubura. Shafi guda ke nan kin gama.

Ni a aji, ƙugun roba nake ɗorawa kan tebur, in miƙa wa ɗaliba 'yar tsana in ce ta fitar da ita. Sai ta tura kan 'yar tsanar kai tsaye, ya cije. Dole ta karkata shi a mashigar ƙugun, inda faɗin gefe zuwa gefe ya kai wajen santimita 13, gaba zuwa baya kuwa 11. Can ƙasa, tsakanin wasu tsinin ƙashi biyu, abin da ya rage kamar 10 ne, kan jariri kuma faɗinsa wajen 9.5. Kin ga ratar ba ta kai kaurin yatsa ba. Idan kan ya maƙale aka kwana ana naƙuda, yana matse mafitsara a jikin ƙashin mara har jini ya daina zuwa, naman ya mutu, ya huje. Yoyon fitsari ke nan, ba aikin iska ba, ko me ake faɗi a tsakar gida.

Me ya sa mafitar fitsari da dubura suke maƙwabtaka haka? A farkon halittar ɗan tayi, hanyar fitsari da ta bayan gida rami ɗaya ne, sai wani shamaki ya raba su wajen mako na 7. Idan rabuwar ba ta cika ba, akan haifi jariri babu ƙofar dubura. Shi ya sa nake yi wa duk wadda ta naɗe jariri a zane ba ta duba ba faɗa.

Idan kin zo darasin duba ƙwayoyin jiki da madubin ƙara girma, fara da mafitsara: ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikinta sukan baje idan ta cika, su tattaru idan ta zube.

Sunayen kuma, rubuta su a filasta ki manna a jikin ƙugun robar, biyar kowace rana. Ki roƙi malaminku aronsa bayan tashi.