Likita ya amsa: kirem mai probiyotik, shafa nono a fuska da egzemar yara

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan tambayoyin ku kusan duk kan probiyotik suka tsaya, na zaɓo ukku.

Wata ɗiyarmu daga Boukoki ta ce: "Likita na sayi kirem jikka takwas a kasuwa, an rubuta probiyotik a jiki, mai saidawa ta ce yana kashe kurajen fuska. Gaskiya ne?"

Ɗiyata, probiyotik ƙwayoyin halitta ne masu RAI, irin su Lactobacillus da Bifidobacterium, da ke amfanar jiki in an samu adadin da ya dace, haka ƙwararrun WHO da FAO, hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka bayyana shi tun 2001. To kwalbar da ta yi wata da watanni kan tebur cikin zafin Yamai na Afrilu, sama da digiri 40, ga kuma sinadarin hana lalacewa da aka zuba mata wanda aikin shi kenan kashe ƙwayoyi, mi zai rage da rai a ciki? Juya ta ki duba ƙananan rubutun baya, galibi ferment ko lysate za ki gani, wato matattun ƙwayoyin ne ko ruwan da suka bari. Yana iya sa fata laushi, ban ce guba ne ba. Amma maganin kuraje da muka tabbatar yana farmasi, peroxyde de benzoyle ko adapalène, kuma sai an yi haƙurin sati 8 zuwa 12, mai ciki kuma kar ta taɓa adapalène ɗin.

Abin da ya fi tada min hankali, in kin ga fuskar ki ta yi haske cikin kwana goma ki aje kirem ɗin ki kawo mana shi, don ba aikin probiyotik ba ne, wataƙila magunguna ne masu ƙarfi da ke sa fata haske, irin su clobétasol ko hydroquinone, aka ɓoye ciki. Wallahi ina ganin su a asibiti, fata ta yi siriri har jijiyoyi sun fito, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kurajen kuma sun fi na da.

Wata Hajiya daga Wadata: "Kakata nono take shafawa a fuska, in ci gaba?"

Hajiya, kakar ki ba ta yi wauta ba, tsamin nono yana ɗan goge matacciyar fata. Sai dai wanda aka tafasa madarar kafin a ɗaura shi, minti goma ki wanke, ban da kan ciwo ko ƙurji da ya fashe. Ɗanyen nono na iya ɗauke da cutar brucellose. Ni dai na fi son ki dama shi da fura ki sha.

Wani Malam daga Talladjé: "Yarona mai wata 7 kumatu da bayan gwiwa sun bushe yana ta susa, an ce egzema ce. In sayo mashi probiyotik na sha?"

Malam, Allah ya ba shi lafiya. Nazarin Cochrane, ƙungiyar masana masu tace binciken lafiya, na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje da yawa ya nuna probiyotik ba ya wani rage egzemar da ta riga ta fito, kar ka zubar da kuɗin ka. Fatar yaron nan tana da nata ƙwayoyin masu kare ta, tana kuma da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake ce ma pH wajen 5 take, sabulun wanka na yau da kullum kuwa yana kai 9 ko 10, shi ke kwashe su, balle sabulun kashe ƙwayoyi da ake dirza ma jarirai safe da yamma da soso. Ka gaya ma maman shi wanka ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi, ba soso, tana fito da shi tun jikin da damshi ta shafe shi da man kaɗe mai tsabta ko vazelin marar turare, sau biyu ko ukku a yini musamman lokacin hunturu. In wurin ya fara ruwa, ko ɓawo ruwan zuma ya fito, ko zazzaɓi, ku kawo shi ranar, kar ku jira.