Amsa ga Malamar da ke Tattara Bayanan Yara a GOPD

Malama, da na karanta tambayarki kan ko rajistar GOPD (sashen asibiti da ake duba marasa lafiyar da ba a kwantar ba) kaɗai za ta ishe ki binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙananan yara, sai tausayinki ya kama ni, domin ni ma na sha wannan wahalar.

Ba za ta ishe ki ba. A asibitin da na yi nawa aikin, kusan duk yaron da ya zo da zafin jiki maleriya ake rubuta masa, ko an yi gwajin RDT (gwajin jini na nan take) ko ba a yi ba, kuma uwar da ta manta kati a gida sabo ake yanka mata, sai yaro ɗaya ya zama biyu a lissafi. Abin da ake turawa DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman lafiya, a ƙarshen wata kuwa jimla ce kawai. Dole ki haɗa da rajistar ɗakin gwaji.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne halin mai kula da ɗakin fayil. Ina riƙe da takardar izinin bincike daga kwamitin ɗa'a, shugaban asibiti ya sa hannu, amma kullum sai ya ce in dawo gobe, wai mai makulli bai zo ba. Ranar da ya buɗe, sai na tarar rajistar Agusta da Satumba, watannin da cutar ta fi tsanani, ruwan rufi ya jiƙa ta, shafuka sun manne, tawada ta narke. Ya san da haka tun farko, bai faɗa mini ba, ya bar ni ina kashe kuɗin mota alhali malamina yana jiran babi na huɗu na kundin bincikena. A barandar nan na zauna na yi kuka.

Don Allah ki ga rajistar da idonki kafin ki tsara fom a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da take aiki ko babu intanet. Kada ki kwafi suna ko lambar waya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe mu, saboda haka ki ba kowane yaro lamba. Idan za ki yi hira da iyaye mata, ki karanta musu takardar amincewa da Hausa, kuma ki bari sai sun fito daga wurin likita, domin matar da ke kan layi da yaro yana kuka a bayanta za ta amsa komai don kada layi ya wuce ta.