Tambayi Likitan Ƙashi: A Sa Masa Ƙarfe Ko A Kai Shi Ɗori?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce daga Kumo. Maigidana ɗan acaɓa ne, shekararsa 34. Mota ce ta kwashe shi a hanyar Gombe, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa har ƙashi ya huda fata ya fito. A asibiti sun wanke ciwon, sun kafa masa wasu ƙarafa ta waje, sun ce idan wurin ya yi kyau za a zura ƙarfe cikin ƙashin. Yau kwana 6. Baffansa da yayyensa sun dage sai an sallame shi an kai shi wurin maɗori, wai asibiti yanke ƙafa kawai suka iya, kuma wai ƙarfe sanyi yake sa wa mutum har ya mutu. Kuɗin aikin ma ya fi ƙarfinmu. Ni ba ni da ta cewa a gaban manya. Don Allah akwai hujjar da zan riƙe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ce. Na riga na kira ki ranar da saƙonki ya iso, don irin wannan ba ta jiran fitowar mujalla. Da izininki nake maimaita maganar a nan, saboda kusan kowane mako sai na yi ta da wani dangi a bakin gadon majinyaci.

Kakana na wajen uwa maɗori ne. Ina ɗan shekara 9 na faɗo daga kan jaki, hannuna ya karye dab da wuyan hannu, shi ya ɗora ni da kara da tsumma da man shanu. Da wannan hannun nake aikin tiyata yau. Saboda haka idan baffan mijinki ya ce ya ga waɗanda ɗori ya warkar, gaskiya ya faɗa, ni ma ina cikinsu. Sai dai na taso ina ganin tsohon nan yana mayar da duk karayar da ta zo da jini a buɗe. Ba ya taɓa ta, sai ya ce a nemi mota. A lokacin na ɗauka tsoro ne. Sai da na yi karatu na gane ilimi ne.

Maɗori ba ya haɗa ƙashi, likita ma ba ya haɗawa. Allah ya sa wannan aikin a cikin jiki. Idan ƙashi ya karye jini ne ke taruwa a wurin ya daskare, cikin 'yan makonni ya zama wani abu mai kama da guringuntsi ya riƙe ɓangarorin biyu, daga baya ya ƙeƙashe ya zama ƙashi. Namu shi ne mu daidaita shi, mu hana shi motsi, mu kare naman da jijiyoyin da ke ciyar da shi. Shi ya sa karayar yaro wadda fata ba ta fashe ba, ƙashin kuma bai goce sosai ba, take warkewa a hannun kusan kowa.

Ta maigidanki ba irin wannan ba ce. Ƙashin da ya fito waje ya taɓa kwalta, ya kwashi ƙasa da yashi da duk dattin da ke bakin hanya, sannan ya koma ciki da su. Babban abokin gabarsa yanzu ƙwayoyin cuta ne. Ga shi kuma ƙashin sangali ne. Shafa naki ki ji: fata ce kawai a kansa ta gaba, babu tsoka mai kauri da za ta kawo masa jini. Ko babu ciwo a buɗe yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 a jikin babba. Idan aka rufe irin wannan ciwo da tsumma, aka shafa magani, aka ɗaure da kara, an yi wa ƙwayoyin cuta ɗaki mai ɗumi ke nan. Mugunya ta shiga ɓargo, kuma ƙashin da ya kamu da ita yana iya tsiyaya shekara da shekaru.

Kin nemi hujja, ga ta. A 1976 wasu likitoci biyu a Amurka, Gustilo da Anderson, suka fitar da abin da suka gani a buɗaɗɗiyar karaya 1,025, suka kasa ta mataki uku gwargwadon girman ciwon da yadda nama ya lalace. Har gobe da wannan ma'aunin muke magana a Gombe. A mataki na farko, inda hudar ba ta kai santimita 1 ba, da wuya ciwon ya ruɓe idan an kula da shi da wuri. A na uku kuwa haɗarin yana ninkawa sosai. Ki tambayi likitansa a wane mataki ya sa shi, haƙƙinku ne ku sani. A 1989 Patzakis da Wilkins suka duba karaya 1,104, suka tarar waɗanda aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 3 na farko kashi 4.7 cikin 100 ne ciwonsu ya kamu, waɗanda aka makara kuwa kashi 7.4. Yau abin da muke nema shi ne a yi ta cikin awa guda da isowa, tare da allurar rigakafin tatanas, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Waɗannan awowin na farko ba sa dawowa, kuma an riga an ci moriyarsu a kan mijinki. Fitar da shi yanzu zubar da wannan ribar ne.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa idan aka ce mini ai magani kaza za a zuba a ciwo. A 2015 aka fitar da sakamakonsa, an yi shi a kan majinyata fiye da 2,400 a asibitoci 41, jagororinsa suna Kanada. Sun gwada wanke buɗaɗɗiyar karaya da ruwan sabulu mai tsabta na asibiti da kuma ruwan gishirin nan da ake ƙara wa marasa lafiya. Da yawa sun zaci sabulu zai fi. Sai ga shi waɗanda aka wanke wa da sabulu sun fi komawa ɗakin tiyata, kusan kashi 15 cikin 100, na ruwan gishiri kuwa kusan 12. To idan sabulun asibiti ya iya ɓata wa buɗaɗɗen nama rai, ina ga garin saiwa da toka da man da ya kwana a buɗe?

Batun yanke ƙafa, ba zan ɓoye miki ba: na yanke, kuma babu wadda na yanke na yi barci mai daɗi a daren. Wasu mota ce ta niƙe su tun a kan hanya, babu abin cetowa. Amma da yawa sun zo ne bayan sati 2 ko 3 a ɗaure, ƙafa ta yi baƙi, wari ya riga majinyacin shigowa, zazzaɓi na neman ransa. A nan zaɓin ya koma tsakanin ƙafa da rai. Mutanen gari sun ga ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, ba su ga abin da ke ƙarƙashin tsumman ba. Rahotannin asibitocin Najeriya, har da na Arewa, sun sha nuna ruɓewar da matsattsen ɗori ke jawowa a cikin manyan dalilan yanke hannu da ƙafa, musamman ga yara.

Ƙarfen kuwa ba sabon abu ba ne. Tun 1939 wani likita a Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara zura doguwar ƙusa cikin ramin ɓargo. Ana yin ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, ba ta narkewa, ba ta hana haihuwa, ba ta hana sallah. Amfaninta shi ne tana riƙe ƙashi a miƙe ta ciki, mutum ya tashi da sanduna da wuri maimakon kwanciyar watanni. Ciwon da ake ji da hunturu gaskiya ne wasu suna ji, amma waɗanda aka yi wa ɗori ma suna kukansa a wurin tsohuwar karaya. Abin da na fi gani bayan ƙusar sangali shi ne ciwon gaban gwiwa, musamman wajen durƙuso, kuma ina faɗa wa kowa kafin aiki. Idan ta dame shi bayan ƙashi ya haɗe sarai, ana iya cire ta.

Sai kuɗi, wanda sau da yawa shi ne ainihin maganar da ake lulluɓewa da batun sanyi. Magidanci ba ya son ya ce ba shi da shi, sai ya ce bai yarda da ƙarfe ba. Na fahimci wannan. Maɗori yana karɓar abin da ya sawwaƙa, yana jira har kaka, yana zuwa har gida. Mu kuwa takarda muke miƙawa a je a biya. Wannan rauni ne a tsarinmu, kuma yana ci mini rai. Amma ga abin da zai amfane ki. A Tanzaniya, a asibitin ƙashi na Muhimbili da ke Darussalam, an gwada ƙusar ciki da ƙarafan waje a kan mutum fiye da 200 masu irin karayar mijinki, aka fitar da sakamako a 2020. Ba a sami wani babban bambanci ba wajen yawan waɗanda aka sake yi wa aiki, sai dai masu ƙusa ƙafarsu ta fi miƙewa, kuma sun fi jin sauƙi a makonnin farko. Ma'ana, idan kuɗin ƙusa ya gagara, ƙarafan da ke jikinsa yanzu suna iya zama maganin har ƙarshe, muddin ana tsabtace bakin kowane ƙarfe ana kuma dawowa a duba. Ki faɗa wa likitansa halin da kuke ciki ba tare da kunya ba, ki tambaye shi ko hakan zai yiwu a irin ciwonsa. Ki kuma tambaya ko ana samun ƙusar SIGN, wadda wani likita Ba'amurke, Lewis Zirkle, ya kafa ƙungiyarta a 1999 don asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da wasu a Najeriya. A nemi ofishin taimakon marasa galihu na asibitin, a sanar da ƙungiyarsu ta 'yan acaɓa da limamin unguwa.

Kada ki yi jayayya da baffa. Ki roƙi likita ya sa ranar da za a buɗe ciwon, a gayyato baffa da babban yayan mijinki su tsaya su gani da idonsu, a ɗaga musu hoton ƙashin a yi musu bayani da Hausa. Na ga dattawa da yawa sun sauya magana a wannan tsayuwar. Addu'a da tofi kuwa babu mai hana su a bakin gado, maɗorin ma yana iya zuwa ya yi. Hannu ne kawai ba za a sa a ciwon ba.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, an yi masa ɗori a gwiwar hannu. Yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, ya kwana yana ihu. An ce mana alamar ɗori ya kama ne. Haka ne? Daga wani uba a Bajoga.

Amsa: Malam, ba haka ba ne, kuma na gode Allah da ka kwance ka kawo shi a ranar kamar yadda na roƙe ka. Ga sauran iyaye: babbar jijiyar jinin hannu ta gaban gwiwar hannu take bi, dab da inda ƙashin yara ke yawan karyewa. Wurin yana kumbura, ɗauri kuma ba ya buɗewa, sai jini ya tsaya. Tsokar da ta rasa jini kamar awa 6 ta fara mutuwa, kuma ba ta farfaɗowa. Ko hannun ya tsira, yatsu sukan ƙanƙance su lanƙwashe har abada. Wani likitan Jamus, Volkmann, ya siffanta wannan tun 1881. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihu idan an miƙe masa yatsa, yatsu su yi sanyi ko fari ko baƙi-baƙi, ko ya ce ba ya jin su: ko ɗaya aka gani a kwance nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Filastar asibiti ma tana iya matsewa haka, dokar ɗaya ce. Irin wannan karayar, idan ta goce, da siraran wayoyi 2 ko 3 muke riƙe ta, a zare su bayan sati 3 zuwa 4.

Tambaya: Wata 7 ke nan da aka sa mini ƙarfe a cinya, hoto ya nuna ƙashin bai gama haɗewa ba. Ina shan romon ƙashi kullum. Me ya rage? Ina shan taba, amma kaɗan. Daga wani direba a Dukku.

Amsa: Ɗan'uwa, kaɗan ɗin nan ita zan fara tuhuma. Taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai jini wurin karaya, kuma an daɗe da tabbatar da cewa ƙashin masu shanta ya fi jinkiri, ya fi kuma ƙin haɗewa. Ka ajiye ta gaba ɗaya. Romo ba laifi, amma wake da ƙwai da kifi da nono sun fi shi aiki. A auna maka sukari, a kuma duba jini ko akwai ƙwayar cuta a ɓoye, musamman idan wurin yana zafi ko yana fitar da ruwa. Wani lokaci cire ɗan dunƙulen ƙarfe guda daga ƙarshen ƙusar ya isa ya sa ɓangarorin su matsu su haɗe, wani lokaci sai an sauya ta da mai kauri. Idan za ka koma wurin likitanka ka tafi da hotunanka duka, tun daga na ranar haɗarin, a jera su a gani ko ƙashin yana tafiya a hankali ne ko ya tsaya.