Amsa: Nauyi ya tsaya bayan tiyatar rage tumbi

'Yar uwa, kin ce wata huɗu ke nan da yi miki tiyatar rage tumbi, yanzu sikeli ya ƙi motsi, ko aikin ne ya lalace? Bai lalace ba. Kusan kowa nauyinsa yakan tsaya na ɗan lokaci, kuma raguwar takan ci gaba har wata 12 zuwa 18 bayan aikin, sai dai ba da saurin farko ba. Ki gwada siket ɗin da ya matse ki a da, sau da yawa ƙugu na raguwa sikeli bai nuna ba.

Amma fa ki lura da abin da kike sha. Tunda an cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, 'yan lomomin tuwo sun ƙosar da ke, amma kunun gyaɗa, fura mai sukari da lemon kwalba wucewa suke yi salin-alin, ba ki ji komai ba. Tun da aka yi mini nawa, a nan na ga mutane sun fi maƙalewa. Ki riƙa fara cin kifi, ƙwai ko wake, ki kai giram 60 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana, ruwa kuma sai bayan rabin awa da cin abinci. In tsayawar ta daɗe, ki koma wurin likitanki.