Ina son sayen tsohuwar mota don tsere, gidanmu sun sa ni gaba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki saurare ni, domin a gidanmu an mai da ni kamar wanda ya samu taɓi. Tun ina yaro kowa ya san ni da son mota. Yanzu Allah ya nuna min wadda na daɗe ina nema: BMW 325i ƙirar 1989, wadda ake kira E30, mai ƙofa biyu, giyar hannu, silinda shida, kuma tayoyin baya ke jan ta. Duk mai wasan mota ya san irinta ake rububi. Tana ajiye a wani gida a nan Kaduna, lulluɓe da tamfol tun kafin korona, ko fentinta bai dusashe ba.

Niyyata in gyara ta in riƙa shiga tseren 'yan sha'awa a filin da aka killace, da hular kwano da komai. Ba a titi ba, Anti. Ni ba irin yaran nan ba ne masu juya mota a wajen ɗaurin aure. Na faɗa har bakina ya gaji. Amma Yaya ya ce wai na girma ban san na girma ba. Shi da yake da doki! Dawa, harawa, kanwa, ga mai kula da shi, duk don hawan sallah, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. Ni kuwa daga cewa mota sai aka ce ɗan ganganci. Ko a bikin kamun kifi na Argungu ai an sha haɗawa da tseren motoci, manya na kallo.

Matata ma ta bi sahu. Da na yi zancen sai ta tashi ta shige ɗaki. Kuɗina ne fa, gumina ne, ban rage mata cefane ba. Ɗan marigayi mai motar ma ya yi min sauƙi sosai, cewa kawai ya yi in zo da motar ja da daddare kafin ƙannensa su fara surutu, takardun zai karɓo min wajen Hajiya, matar marigayin, daga baya. Har na yi magana da bakanike a Panteka. Abin da ke min ciwo shi ne raini. Shi Yaya da dokinsa daidai ne, ni da motata hauka ne? Yaya zan yi su fahimce ni?

Daga wani ƙaninki a Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba zan shiga tsakaninka da yayanka ba, kowa da abin da ransa ke so, kuma son mota ba laifi ba ne. Sai dai ka cika min takarda da doki da harawa, alhali maganar da ta fi kowacce nauyi ka wuce ta a layi ɗaya. Da daddare? Kafin ƙannensa su fara surutu?

Motar nan ta gado ce, kuma daga bayaninka ba a raba ba. Wanda yake son sayar maka ɗaya ne cikin magada, ba shi kaɗai ke da ita ba. Hajiyar da takardu ke hannunta tana da tumunin takaba a ciki, ƙannen nan kowa da rabonsa, kuma idan marigayin ya bar bashi ko wasiyya, su ake fara fitarwa kafin kowa ya taɓa ko madubin motar. Abin da ya kira surutu haƙƙinsu ne za su nema. Idan akwai ƙananan yara a cikinsu, ka buɗe Suratun Nisa'i aya ta 10 ka ga abin da aka ce masu cin dukiyar marayu suna zubawa a cikinsu. Sauƙin da kake murna da shi, daga rabon waɗansu aka yanko maka. Ranar da suka kai ƙara kotu, ko jami'ai suka tare ka a hanya ba takardar kwastan ba shaidar mallaka, shi ya riga ya kashe kuɗin, kai za a nuna.

Bari in faɗa wa duk mai karatu, don wasiƙun irin wannan sun yi yawa. Mun mai da jinkirta rabon gado tamkar ladabi ga mamaci. A bar gida, a bar gona, a bar mota ƙarƙashin tamfol shekara da shekaru, wai kunya, har babban ɗa ya fara sayarwa ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, masu saye kuma su kau da kai saboda araha. Mai sayen da ya sani ya yi shiru, da shi aka yi.

Ita kanta motar, kyan fenti bai ce komai ba. Na tambayi wani tsohon bakanike, ya ce ajiya ta fi tafiya kashe mota. Fetur ɗin da ya shekara a tanki yakan zama danƙo ya toshe famfon mai da nozul, tankin ya yi tsatsa ta ciki. Man birki yana tsotsar danshi, ranar da birki ya ɗau zafi a fili sai ka taka ka ji fayau. Robobi sun bushe, ɓeraye sun yi gida a cikin wayoyi. Injin wannan ƙirar kuma da taimin bel yake aiki, wato bel na roba mai daidaita motsin fistin da bawul, wanda ke tsufa ko ba a tuƙa motar ba. Idan ya tsinke injin na gudu, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Don haka ba a ko gwada tayar da ita sai an canza shi. Taya ma ka duba lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ga kejin ƙarfe mai kare direba in mota ta kife, kujerar tsere, bel ɗinta, abin kashe gobara. Ka lissafa wa matarka waɗannan kuwa? Ka ce ba ka rage mata cefane ba, to ai ba ka fara gyaran ba tukuna. Ina jin ta fi ka iya lissafi, shi ya sa take shigewa ɗaki.

Idan har motar kake so, ka je gidan da rana tsaka, ka durƙusa ka gai da Hajiya, ka ce kana son saye. A tara magada, a kira wanda ya san mota ya yi mata kuɗi, a rubuta da shaidu, ka biya a gaban kowa, ka karɓi takardu a hannu. Ka tafi da Yaya, zai fi ka sanin yadda ake shiga gidan mutane. In ɗan marigayin ya ce shi bai yarda da wannan tsarin ba, ka bar masa motar a inda ka gan ta.

Antinku